Kaset ɗin da Ya Maƙale

Motar ta shigo ta Illela, 'yar Kwatano,
ja, kujerunta na warin ƙasar da ban sani ba.
Ni aikina waya: fitila, hon, batir.
A Buzaye kowa ya san rumfar Jabbi.
Mai ita ya ce rediyon ya ƙi buɗe baki.
Na lallaɓa shi da sukundireba,
sai ga kaset, baƙi, ba suna, ba hoto,
wani ya fara harafi da biro, ya fasa.

Na kunna.
Na ce, ya lalace.
Kamar an jefa garaya cikin Gulbin Rima
tana ta kuka daga ƙarƙashin ruwa.
Na goge kan rediyo da auduga,
na sake kunnawa. Haka dai.
Na canza lasifika. Haka dai.
Yarona Ige ya leƙo ta taga:
"Maigida, wanga ai injin markaɗe na!"
Na yi dariya.
Amma ban kashe ba.

Don can ƙasa, ƙarƙashin rugugin,
akwai mace tana waƙa
kamar mai magana cikin barci.
Ban ji kalma ɗaya ba.
Ko masu yaren, ina jin, ba sa ji.
Ba ta kiran sunan kowa,
ba ta jiran liƙi,
ba ta ce wane ɗan wane jikan wane ba.
Ni da na tashi inda kowace waƙa da ubangidanta,
yau ga marainiya,
ta zauna kusa da ni kan benci,
ba ta roƙe ni komai ba.

Kulu, ɗiyar yayana, mai karatu a Dundaye,
ita ta warware min.
Ta ce, "Baffa, da gangan suka yi.
Jita ce, ana bi da ita ta 'yan akwatuna a ƙasa,
ana taka su da ƙafa
har sautin ya narke kamar man shanu a tuwo.
Makaɗan ba sa kallon jama'a,
takalminsu suke kallo har a tashi."
Na ce, to, ashe suna da kunya.
Haka mu ma muke tsayawa gaban surukai.

Ta ce wannan ya girme ta,
amma zuri'ar ba ta ƙare ba.
Ta tura min sababbi a waya:
wani yaro shi kaɗai a ɗakin haya,
wasu 'yan mata uku da ba kamfanin da ya san su,
sautinsu sanyi-sanyi, kamar randa da asuba.
Wasu na so. Wasu na goge.
Ɗaya na goge, na kwana ina nemanta.

Yanzu idan bazara ta kai maƙura,
an ɗauke wuta, Mabera duk ta fito tsakar gida,
ina shimfiɗa tabarma, in sa abin kunne.
Janaretan maƙwabci ya shiga cikin kiɗan,
ban san inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya soma ba.
Sai in tuna ruwan farko kan rufin kwano,
Inna na magana, ba a jin me take cewa,
amma an san tana nan.
Shekara tara ke nan da rasuwarta.

Mai motar ya zo, ya biya, ya tafi.
Ban ce masa komai ba, Allah ya yafe min.
Kaset ɗin ya tsinke ran Laraba.
Na haɗa shi da salatif, na naɗe da fensir.
Yanzu akwai wurin da muryar ke yin tuntuɓe,
ta yi shiru kamar ƙiftawar ido,
sannan ta ci gaba.
Nan wurin aikina ne.
Kullum shi nake jira.